Kwamfutocin shagona ba su ɗaukar Windows 11: in koma Linux ko in tsaya inda nake?

Mai Shagon Aboabo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan shago a Aboabo, nan Kumasi, shekara goma sha ɗaya ke nan ina buga wa mutane takardu: wasiƙar neman aiki, katin aure da na suna, sanarwar addu'ar arba'in, tambayoyin jarrabawa na makarantun unguwa, da duba sakamakon WAEC idan ya fito. Kwamfuta uku ke gare ni, duk na hannu ne da aka shigo da su daga Turai, Core i5 ƙarni na huɗu, kowacce da RAM gig 4. Ba su taɓa ba ni kunya ba.

Tun da aka ce Microsoft ta janye hannu daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025 hankalina bai kwanta ba. Na gwada hawa Windows 11, dukansu uku suka ce ba su cika sharaɗi ba. Kuɗin sayen sababbi uku kuwa ba ni da shi, ga hayar shago ga kuɗin wuta.

Ɗan yayata da ke karatu a jami'ar KNUST ya zo hutu da filashi a aljihu, ya soka a ɗaya daga ciki, ya tashe ta da wata aba wai ita Linux Mint, mai tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, ba tare da ya goge komai ba. Na zauna na taɓa ta kusan awa biyu. Gaskiya ta burge ni, don fankar da ke gurnani kullum shiru ta yi. Ya ce kyauta ce, ba lasisi, ba sata. Amma shi yaro ne, zai koma makaranta ya bar ni da masu jiran aiki a bakin ƙofa. Abin da ke damuna uku ne: fayilolin Word da mutane ke kawo mini, CorelDraw da nake zana kati da ita, da rubutun Larabci, don rabin katunan da nake yi da Bismilla suke farawa. Wanda ya taɓa sa Linux a wurin neman abinci, ba a ɗakin karatu ba, don Allah ya gaya mini abin da ya gani.

Mai Gyara na Adum

Wa alaikumus salam Alhaji. Gyaran kwamfuta ne sana'ata, kuma tun bara kusan kullum sai wani ya kawo mini wannan maganar.

Da farko kwantar da hankalinka, Windows 10 ba za ta mutu a hannunka ba. Gobe ma za ta tashi. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaro da ake turowa wata-wata. Duk ɓarakar da aka gano nan gaba, a buɗe za ta zauna. Idan kana so ka san nauyin wannan, tuna bairos ɗin nan WannaCry ta watan Mayun 2017, wadda ta kulle fayilolin mutane ta ce sai an biya, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa ɗage ganin marasa lafiya. An riga an fitar da maganinta tun watan Maris na shekarar, waɗanda ba su sabunta ba ne suka sha. Kai kuma kwamfutarka ba taka kaɗai ba ce, lambobin katin shaidar mutane da hotunansu na fasfo suna bi ta cikinta.

Dalilin da naka suka ƙi 11 shi ne tana neman wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel sai ƙarni na takwas zuwa sama. Akwai masu tsallake sharaɗin da wata manhaja mai suna Rufus. Yana yiwuwa, na yi wa mutane da dama, amma ba na yi wa mai shago, don ba wanda ya yi maka alkawarin sabuntawa za ta ci gaba da zuwa. Akwai kuma shirin ƙarin wa'adin facin Windows 10 na shekara ɗaya, zuwa Oktoban 2026, dala 30 ko kyauta idan ka haɗa saitin kwamfutar da asusun Microsoft. Jinkiri ne kawai.

Shawarata, raba su. Biyu su koma Mint, su ne za su riƙa shiga intanet da karɓar filashin mutane. Ɗaya ka bar ta da Windows da Corel, ka zare mata intanet gaba ɗaya, ta zama ta zane kaɗai. Kada wani ya ruɗe ka cewa Inkscape, manhajar zane ta kyauta, za ta gaji Corel cikin mako guda. Tana da kyau, tana ma buɗe wasu fayilolin Corel, amma tsofaffin katunanka na shekara goma ba duka za su fito yadda ka ajiye su ba, kuma hannunka ya riga ya saba.

Inda za ka fi jin daɗi shi ne filashi. Ka san wannan bairos ɗin da ke ɓoye fayilolin mutum ya bar masa gajerun hanyoyi na bogi? Kwanaki wata yarinya ta zo mini tana kuka, aikinta na ƙarshen karatu, babi biyar, ya ɓace bayan ta kai bugu wani wuri. Na soka filashin a laftof ɗina mai Mint. Ga fayilolinta nan cif a cikin wata jaka marar suna, ga kuma bairos ɗin a gefe yana zaune kamar dutse, don an rubuta shi ne ya yi gudu a Windows. Na goge shi da hannu, minti biyu. Ta tafi tana sa mini albarka.

Maganar Word kuma, LibreOffice, manhajar rubutu da ke zuwa da Mint, tana buɗewa tana ajiyewa. Yawancin hargitsewar shafi daga haruffa take, domin Calibri, salon haruffan da aka saba gani a Word, ba ta zuwa da Linux. Sa Carlito, faɗin haruffansu ɗaya ne, layuka za su zauna a inda suke. Kafin ka goge komai, gwada firintarka daga filashin nan na ɗanka. Idan ta buga, sai a yi magana. Kuma in da hali sa musu SSD a madadin tsohon faifan, wannan kaɗai zai sa ka ga kamar ka sayi sabuwa.

Malama ta Asawase

Yaya, ni kam zan ja maka birki kaɗan. Kwamfuta nake koyarwa a ƙaramar sakandare, kuma na san yara biyu kake koya wa aiki a shagon nan. Ranar da ɗayansu zai nemi aikin sakatare, Word da Excel za a zaunar da shi a gaba, ba wanda zai tambaye shi LibreOffice. Maɓallan ba wuri ɗaya suke ba. Yaron da ya saba da wata zai yi ta lalube a gaban mai ɗaukar aiki.

Na biyu, wa zai duba maka idan ta tsaya? Windows ko yaron maƙwabci ya san inda ake taɓawa. Masu Linux a Kumasi sai ka hau mota ka neme su. Birnin Munik na Jamus ya mayar da dubban kwamfutocin ma'aikatansa kan Linux, ya yi shekaru a kai, amma a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Waɗanda ke da injiniyoyi a kan albashi ke nan. Ban ce kada ka gwada ba, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka soma a makon fitowar sakamako, ko daf da babbar Salla da aure ke yawa.

Ɗan Nima

Baba, ina gaisuwa. Malama, da girmamawa, labarin Jamus bai ƙare a Munik ba: jihar Schleswig-Holstein ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutoci kusan 30,000 kan LibreOffice da Linux. Har can ma ana ta jan igiyar.

Ni abin da ke ci mini rai shi ne yadda muke ɗaukar Linux baƙuwa, alhali tana aljihun kowa. Duk wayar Android a kan zuciyar Linux take tafiya. Wani ɗalibi ne a Finlan, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991, ya saki rubutun tushenta kowa ya karanta, ya gyara, ya raba. Mint ɗin da aka nuna maka a kan wata Linux mai suna Ubuntu aka gina ta, ita kuma mutumin Afirka ta Kudu ne, Mark Shuttleworth, ya kafa ta a 2004. Wannan kyautar ba irin ta faifan da ake kwafa a bayan fage ba ce. Masu ita ne suka ce a ɗauka. Mu da muke kula da halal da haram a cinikin tumatir, ya kamata mu kula da shi a manhajar da muke cin abinci da ita.

Larabci kada ya dame ka, Baba. LibreOffice tana rubutu daga dama zuwa hagu, sai dai ka kunna shi a saitin harsuna. Nemi haruffan Amiri, kyauta ne, kuma wasulla suna zama daram a kan baƙaƙe. Wani abin da ya sa ni murna ranar da na gan shi: cikin jerin kibod akwai Hausa ta Ghana, gefe da Akan, Ewe da Ga. Ƙ, ɗ da ɓ suna fita ba sai ka je kwafo su daga wani shafi ba.

Sannan ka bar Chrome ka riƙe Firefox da ke zuwa da Mint. Chrome, Edge, Brave da Opera duk injin Chromium ɗaya ne a ciki, riga ce kawai ta bambanta. Idan Firefox ta faɗi, kusan kamfani ɗaya ne zai riƙa yanke yadda intanet za ta kasance. Kuma uBlock Origin mai tare talla, wadda Chrome ta daina ɗauka cikakkiyarta bayan sauya ƙa'idojinta, tana aiki lafiya a Firefox. Talla data take ci, kai kuma da sidinka kake saye.

Mai Gyara na Adum

Ƙanena na Nima, yawancin maganarka gaskiya ce, amma kada mu ɗora wa Alhaji yaƙin da ba nasa ba. Mozilla mai Firefox ma mafi yawan kuɗinta daga Google yake zuwa, ladan sa bincikensu a gaba. Kuma a wurin aiki na ga shafukan cike fom da ba a gwada su da komai ba sai Chrome. Mutum na tsaye ya biya kuɗin fom, ba lokacin wa'azin 'yanci ba ne. Alhaji, sa duka biyun, Chrome tana da ta Linux. Wadda ta buɗe shafin, ita ce taka a ranar.

Malama kuma ta faɗi abin dubawa game da yaran. Wannan ma wani dalili ne na barin ɗaya da Windows. Su koyi biyun.

Mai Shagon Aboabo

Allah Ya saka muku da alheri, kowa ya ba ni abin da zan riƙe. Na bari sai da na kwana goma da abin kafin in dawo.

Ɗaya kawai na mayar tukuna, ba biyu ba, saboda maganar ƙanwata Malama. Mun kwashe komai a wani faifai daban, ɗana ya sa Mint 22, ya ce za ta riƙa samun faci har 2029. Firinta tun a gwaji ta buga, ba mu nemi direba ba.

Rana ta uku wani malamin makarantar allo ya zo da sanarwar saukar Alƙur'ani ta almajiransa bakwai. Na buɗe shafi, na juya kibod zuwa Larabci, na buga Bismilla da haruffan Amiri. Ya sa tabarau, ya matso har numfashinsa na taɓa gilashin, ya bi wasullan da ɗan yatsa ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ce in ƙara girman sunan Allah kaɗan. Na ƙara, muka buga kofi hamsin. A ƙasa na rubuta sunayen yaran da boko, ƙ da ɗ duk a wurinsu, abin da ban cika yi ba a da saboda wahalar nemo su.

Ba duka ne ya tafi sumul ba. Wani ya kawo takardar Word mai tebura cikin tebura da tambari a sama, shafi huɗu ta zama biyar, ko da na sa Carlito. Na kai ta kan ɗayar kwamfutar na buga masa. Yanzu duk mai kawo aikin da ya riga ya tsara, ina roƙonsa ya turo mini shi a PDF ta WhatsApp, kuma da yawa sun fara yi. Babban yarona ya kama hannu cikin kwana biyu. Ƙaramin har yanzu kan tsohuwar yake gudu, ban matsa masa ba.

Ta zanen na zare mata intanet kamar yadda aka ce, na liƙa takarda a jikinta cewa kada a soka filashin kowa. Saura ta ukun, ita nake ta tunani a kai.

Abu ɗaya ya rage mini. Sikana ta ƙi. Injin ɗaya ne da firintar, yana bugawa amma idan na buɗe manhajar ɗaukar hoton takarda sai ta ce ba ta ga na'ura ba, alhali masu neman fasfo kusan kullum sai sun zo da takardar haihuwa. Malam na Adum, ranar Asabar bayan Azahar zan shigo da injin da kwamfutar a tasi, idan kana shago.