Wa ya fi tarihi a Arewa maso Gabas? Gardamar 'yan Majalisar Ƙwallo ta Wunti

Ɗan Wunti: Assalamu alaikum. Jiya a gidan kallo na faɗi wata magana aka taso mini kamar za a cinye ni ɗanye, to ga ta na kawo nan. A duk Arewa maso Gabas babu ƙungiyar ƙwallon da ta kai Wikki Tourists ta Bauchi tarihi. Mai ja ya fito.

Na-Pantami: Wa alaikumus salam. Ga ni na fito. Da wane kofin?

Ɗan Wunti: Kofin Ƙalubale na 1998. Muka tashi ba ci da Plateau United a wasan ƙarshe, muka doke su 3-2 a bugun fenareti. Shekara bakwai kacal da kafa ƙungiyar, tun da a 1991 aka kafa ta. Ku fa, me kuka ajiye a kabad?

Na-Pantami: Wai "muka". A 1998 ko kaciya ba a yi maka ba. Gombe United ta girmi Wikki, a 1990 aka kafa ta. A 2007 mu muka zo na biyu a gasar Firimiyar Najeriya a bayan Enyimba, muka buga Gasar Zakarun Afirka a 2008. Wannan gasar Wikki ko ƙofarta ba ta taɓa leƙawa ba.

Baban Iman: To ai a 1990 babu jihar Gombe. Sai a Oktoban 1996 Abacha ya yanke ku daga Bauchi. Ashe ma ƙungiyar taku a ɗakinmu aka haife ta.

Na-Pantami: A ɗakinku aka haife ta, amma sai da ta bar gidan ta yi ƙiba.

Malam Bukar: Ina ta kallonku ina dariya. An ce Arewa maso Gabas, kun mayar da ita titin Bauchi zuwa Gombe. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta ɗauki Kofin Ƙalubale a 1991, ta sake ɗauka a 1992, lokacin Wikki tana rarrafe. A 2024 ta ƙara na uku, ta doke Abia Warriors 2-0, kuma a lokacin tana rukunin 'yan dagaji. Uku da ɗaya, Ɗan Wunti, wanne ya fi yawa?

Na-Pantami: Babarbare ya yi gaskiya yau. A rubuta ranar, ba kullum ake samu ba.

Malam Bukar: Kai Bafillace koma wajen shanunka, ku ko ɗaya ba ku da shi.

Ɗan Wunti: Malam, kofi ba shi kaɗai ne tarihi ba. Ka taɓa shiga filin Abubakar Tafawa Ɓalewa a kakar 2016? Tun azahar ake cika. Baƙo ya zo Bauchi ya tafi da maki ɗaya sai ya yi sadaka.

Alhaji Baba Kobi: Yarana, bari in sa baki, don ni 2016 ɗin da Ɗan Wunti yake alfahari da ita ce take ba ni haushi. Abdu Maikaba ya haɗa yara, Godwin Obaje ya ci ƙwallo 18, ya fi kowa zura ƙwallo a gasar, muka ƙare na uku a bayan Rangers da Rivers United. Na ce to, bana mun shuka, baɗi sai girbi. Kafin a buɗe kakar gaba koci ya tafi Akwa United, mai cin ƙwallon ma ya kama gabansa. Muka je gasar Afirka ta Confederation a 2017, ƙungiyar sojojin Saliyo ta fitar da mu tun a zagayen share fage. A shekarar kuma Maikaba ya ɗaga kofin ƙalubale a can Akwa United da yaran wasu. Ni wannan ne ciwona. Duk lokacin da tukunya ta fara ƙamshi sai a sauke ta. Ƙungiyar da ke jiran kasafin gwamnatin jiha, shugabanninta suna sauyawa da sauyin gwamna, ɗan wasa ya sa hannu na kaka ɗaya, ta yaya za ta riƙe mutum uku masu kyau shekara uku a jere? Kuna ta jayayya kan wa ya fi, alhali a 2023 Wikki da El-Kanemi tare suka faɗo daga Firimiya, a 2024 kuma Gombe United ta biyo su.

Baban Iman: Allah ya ƙara maka lafiya Alhaji, amma a nan ina da ja. Enyimba ta gwamnatin Abiya ce, ta ɗauki Kofin Zakarun Afirka a 2003 da 2004. Kano Pillars ta gwamnati ce, ta ci gasa a 2008, ta jera 2012, 2013 da 2014. Ita kuwa Doma United ba ta gwamnati ba ce, amma ita da Gombe United a kaka ɗaya aka yi musu sallama a 2024. Kenan ba mai ƙungiyar ne matsalar ba.

Alhaji Baba Kobi: Ka manta Remo Stars da ta ci gasar 2025? Ta mutum ɗaya ce, tana da filinta da makarantar horar da yara a Ikenne. Mu ina tamu?

Baban Iman: Ita ma kuɗin mai ita ne, Alhaji, ba kuɗin ƙofa ba.

Maman Hanan: Tun da an zo maganar kuɗin ƙofa, ku gaya mini tsakani da Allah, a cikinku wa ya sayi rigar Wikki? Maigidana yana da rigar Arsenal har uku, duk ni ke wankewa. Ranar da wasan Bauchi ya haɗu da na Ingila kowa ya san inda za a same ku.

Na-Pantami: Hajiya kin kashe bakin kowa.

Ɗan Wunti: Ni dai a 2025 da muka dawo Firimiya har bakin titi na fita tarbar yara. Shi ke nan, na rage wa maganata tsawo saboda Malam Bukar. A bar El-Kanemi da kofunanta uku. Amma tsakanin Bauchi da Gombe, Wikki ce babba.

Na-Pantami: Ban yarda ba. Zuwa na biyu a gasar da ake zagaya ƙasa ana bugawa ya fi kofin da aka tsinta a bugun fenareti.

Ɗan Wunti: To kawo hoton na biyun naka a rataye a bango mu gani.

Malam Bukar: Ku ci gaba, ni na tafi masallaci. In kun gama rabon na biyu da na uku ku sanar da ni.