Wa Zai Ƙirga Buhun Manomi?

Malamin Firamare, Ringim

Assalamu alaikum masu alƙalami. Tun da dokokin harajin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025 suka fara aiki a 1 ga Janairun 2026, ba na fita daga masallaci ba a tare ni da tambaya ba. A tsohuwar doka, harajin samun mutum ana farawa daga kashi 7 cikin ɗari ne a tsaya a 24. Ga yadda na fahimci sabuwar. Mai gyara ya gyara mini, amma da baiti.

Da sunan Allah nake farawa,
Wanda bai bar bawa cikin duhu ba.

'Yan uwa ku matso ku ji bayani,
Batun haraji bai zamo na wasa ba.

Wanda samunsa na shekara cur
Bai haura naira dubu 800 ba,

Doka ta ce a bar masa abinsa,
Ko sisi ba a ce ya biya ba.

In ya haura, ɗorin ake taɓawa,
Ba a ce a yanki duka jimlar ba.

Kashi 15 ne matakin farko,
Har miliyan 3 bai sauya ba.

Sai 18, sai 21, sai 23,
A 25 aka tsaya, ba a wuce ba.

Wannan na wanda ya haura miliyan 50 ne,
Ba na mai jaki da garma ba.

Mai gadinmu mai dubu 70 a wata,
Bana ba a taɓa albashinsa ba.

Ni nawa tun a tushe ake yanka,
Ban taɓa ganin kuɗin da idona ba.

To mai tirela goma a kasuwa fa?
In ya zame, ba a yi adalci ba.

Ɗan Fadama, Kura

Malam, Allah ya ƙara basira. Amma ka zo bakin hanya ka ga namu harajin.

Malam na ji karatunka,
Na yaba da lissafinka,
Alli ne ke hannunka,
Ni a nawa akwai fartanya.

Shinkafa na yi a fadama,
Taki da bashi na nema,
Fetur na injin ban-ruwa ma,
Tun cire tallafi ya zama ƙaya.

Buhu 40 na ɗaure,
A bayan mota na jere,
Ba mu yi nisa ba an tare,
Da katako mai ƙusa da igiya.

Wannan ya ce kuɗin lodi,
Wancan ya ce kuɗin gadi,
Na ce to ina rasidi?
Ya ce wuce, kar ka tare hanya.

Ƙofar kasuwa tikiti,
Na rumfa daban, da na kwamiti,
Ban huta ba ko na minti,
Ban sayar ba ko da tiya.

Sannan dubu 800 ɗinka,
Bari in ɗan tambaye ka:
Kuɗin da na zuba a jaka,
Ko ribar da ta rage a baya?

Tsohon ɗan PRP, Birnin Kudu

Jikana ne ke rubuta mini, idona ya yi rauni. Ku yi haƙuri da tsawon zancen tsoho.

'Ya'yana ku saurari dattijo,
Kalmar haraji tana mini ƙuna.

Ina yaro na ga ana yawo
Gida gida, ana rubuta suna.

Duk namijin da ya isa riƙe garma,
Kansa ake wa kuɗi, ba amfanin gona.

Damina ta yi ko damina ta ƙi,
Adadin na nan, babu wata magana.

Na ga an zaunar da babanmu a fili,
Kai ba hula, a tsakar rana.

Sai da aka ja akuyar innarmu kasuwa,
Sannan ya dawo gida ya kwana.

Bai ci tuwo ba a wannan dare,
Na ji kukansa daga ɗakina.

Fulani kan kora shanu da duhu,
Gudun jangali, ba su iya zauna.

Malam Aminu ya yi ta kira a kai,
Har muka ɗauki zancen amana.

A 1979 Rimi ya hau kujera,
Ya soke duka biyun yana Gwamna.

Lokacin Kano da Jigawa uwa ɗaya,
Sai a 1991 aka raba mana gona.

Wannan da ya ce a duba samu tukuna,
Na yarda ya fi na zamanina.

Amma fom da tara nake wa tsoro,
Kar a zaunar a rana da jikana.

Alhaji mai hatsi, Dawanau

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Malam kuwa ya yi jifa a kasuwa, a kaina ya sauka, dole in amsa.

Ka hango tirela a layi,
Ka ce Alhaji ya yi nauyi,
Zo rumfa mu sha shayi,
In nuna maka cikin kasuwa.

Miliyan 20 ta shigo waya,
Ta wani ce, ya ce in sai kaya,
Riɗi da zoɓo gaba ɗaya,
La'adata kaɗai ce ƙaruwa.

Wanda ya leƙa asusuna,
Zai ce duk wannan samuna,
Alhali amana ce a hannuna,
Gobe ta tafi ba dawowa.

An ce a cike fom duk shekara,
31 ga Maris, kar a makara,
Wanda ya saɓa akwai tara,
Dubu 100 a watan farawa.

Sannan dubu 50 duk wata,
Ga fom da boko an rubuta,
Dattijon da ajami ya karanta,
Wa zai zauna masa fassarawa?

Tsoro ya sa wasu sun koma
Ɗaukar kuɗi a buhu suna fama,
Ɓarayin hanya sun sami dama,
Wannan ce ke ba ni damuwa.

Zakkata nakan fitar a fili,
Na san mai karɓa da dalili,
Haraji ma ban ƙi ba tun asali,
In dai na ga inda yake zuwa.

Ungozoma, Gwaram

Yayyena maza kun yi ta lissafi,
Ku ba ni fili in buɗe baki.

Ni ma a tushe ake yankar nawa,
Kafin albashi ya sauka banki.

A da akwai rangwame na kowa da kowa,
Sabuwar doka ta ja masa birki.

Ta ce mai haya a cire masa kashi 20
Na abin da ya biya na ɗaki.

Iyakarsa dubu 500 ne,
Mutumin birni ya ji sanyi a jiki.

Mu a ƙauye gidan gado muke zaune,
Wa ke haya inda ake ɗaure jaki?

Duk shekara mu yi yaɓe, mu sauya azara,
Ba wanda ya lissafa wannan aiki.

Bar wannan ma, ku ji na daren Talata,
An kawo mai naƙuda, jini ya jiƙe jiki.

A amalanke aka ɗauko ta,
Ɗakin haihuwa babu lantarki.

Da fitilar waya na karɓi yaron,
Hannu biyu na aiki, waya a baki.

Mijin ya hau babur neman allura,
Kwalbati ya karye tun bara, ba a yi aiki.

Allah ya raya yaron, uwar ta tashi,
Amma daren ya zauna mini a ciki.

Ba na ƙin biya, Malam, wallahi,
A sa mana sola, in ga abin kirki.

Malamin Firamare, Ringim

Na sha amsa, kuma na gode. Kafin baiti, abu biyu. Taiwo Oyedele, wanda ya jagoranci kwamitin gyaran harajin, ya sha faɗa cewa ba za a ciri haraji kai tsaye daga asusun kowa ba. Na biyu, hukumar haraji ta tarayya da a da ake ce wa FIRS ta koma NRS, amma harajin albashi da na ɗan kasuwa wanda ba kamfani ba, hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ce ke karɓa. Ga misali da kaina: mai dubu 100 a wata, miliyan 1.2 ke nan a shekara. A cire dubu 800, saura dubu 400. Kashi 15 nata dubu 60, wato dubu 5 a wata, kuma in an cire fansho tukuna zai ragu.

Ɗan Fadama, riba ake nufi,
Ba kuɗin buhu gaba ɗaya ba.

Cire taki, cire fetur da 'yan ƙwadago,
Ba a ce ka biya kan bashinka ba.

Amma baki ba ya zama shaida,
Wanda bai rubuta ba bai huta ba.

Sayi littafi irin na 'yan aji uku,
Ba sai ka nemi akanta ba.

Alhaji ka yafe jifan da na yi,
Amana a hannu ba samu ba.

Rubuta mai kuɗin da ranar shigowa,
Da ranar fita, kar ka ce ba ka tuna ba.

Lambar NIN ita ce ta haraji,
Ba sabon layi za ka bi ba.

Baba, tsoronka yana kan hanya,
Tara ga marar karatu ba ta dace ba.

A fara da wayar da kai a masallatai,
Da rediyo, da Hausa, ba da barazana ba.

Yaya ungozoma kin fi ni gaskiya,
Batun haya ni ban lura ba.

Ni ma gidan babanmu nake ciki,
Ashe rangwamen bai zo kaina ba.

Kuɗinki kuwa Dutse ya nufa,
Ba Abuja ya tafi ya ɓace ba.

Ɗan majalisarku ya san ƙofar gidanku,
Lokacin zaɓe bai ɓata hanya ba.

Ku kai masa zancen sola a rubuce,
Da hannun mata, ba ke kaɗai ba.

Tsohon ɗan PRP, Birnin Kudu

Haka muka yi a da, ɗana, da takarda,
Mai yatsa ya dangwala, mai biro ya sa suna.

In kun rubuta ku aiko Birnin Kudu,
Zan dangwala ko da da rawar hannuna.

Ɗan Fadama, Kura

Malam na karɓi shawara,
Ɗana na aji biyar zai fara,
Kowane buhu da muka tara,
Zai sa a layi ɗaya bayan ɗaya.

Taki shafi, fetur shafi,
'Yan dashe da 'yan yanka a gefi,
Mai casa ma zai shiga lissafi,
Har kuɗin buhu da na igiya.

Amma akwai shafi na ƙarshe,
Na masu katako da kakkausan harshe,
Kuɗin da suka karɓa tun tushe,
Zan sa shi da rana da hanya.

Ba su ba ni rasidi ko guda ba,
Ba su faɗi wanda ya aiko su ba,
Ban san asusun da ya shiga ba,
Na dai san ya fita daga ƙwarya.

Ran da na kai littafin ofis,
Kafin ƙarshen watan Maris,
Za su cire wannan, ko su yi biris?
Malam, ka tambayo mini gaskiya.