Muhawara: Shin irin da ya fi daɗewa a gona ne ya fi ba da tsaba?

Dattijo: Ni fa ban yarda da irin nan mai saurin nuna ba. Hatsin da ya daɗe yana shan rana da ruwa shi ne ke cika buhu.

Malamin gona: Baba, in ruwa ya kai har ƙarshe, haka ne, masara mai kwana 120 takan fi mai kwana 90. Amma yawan ƙwaya yana ƙulluwa ne a 'yan makonnin da ke kewaye da fure. In wannan lokacin ya faɗa cikin fari, daɗewar ba ta da rana.

Dattijo: Na sha ganin fari ya kama masara tana ƙarama, ganye ya naɗe, kuma ta farfaɗo.

Ɗaliba: Tana ƙarama ka ce ai, Baba. Kowane zaren gemu ƙwaya ɗaya yake jira. Idan ƙasa ta bushe lokacin goyo, bununi kan fito a kan kari, gemu kuwa ya makara. Kafin ya leƙo, garin bununin ya gama zuba, sai ka ɓare masara ka tarar duk giɓi. Shi ya sa masu bincike na CIMMYT, cibiyar binciken masara da alkama da ke Meziko, suka riƙa zaɓen irin da tazarar lokacin fitowar bununi da gemunsa gajeriya ce, don ya jure fari.

Mai noman rani: Ku ƙyale wannan dogon lissafi. Taki ne magana.

Malamin gona: Taki ba ya mayar da ƙwayar da ba ta ƙullu ba, ɗan'uwa. Shinkafarka ma, zafi ya haura digiri 35 ranar da take fure, ƙaiƙayi za ka sheƙe komai takin da ka zuba.

Dattijo: To ku amsa mini wannan. Dawa mai daɗewa, ko ka riga shuka ko ka makara, kusan lokaci guda take fitar da kai, daidai janyewar ruwa. Ina laifinta?

Ɗaliba: Tsawon yini take bi, dare ya fara tsawo sai ta ɗauki ciki. Amma Baba, wannan ai hujjarmu ce: dacewar fure da yanayi.

Dattijo: Hujjata dai. Mai saurin naku yakan nuna ana tsaka da ruwa, tsaba ta yi fumfuna, tsuntsaye su taru a kansa shi kaɗai.

Malamin gona: Wannan kam gaskiya ne, musamman a dawa. Sai an ja ranar shukarsa baya.

Dattijo: Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri fa, wa zai gaya maka tun ranar shuka?