Wai binciken masana ilimi na fitar da ɗan talaka daga talauci kuwa?

Malamar Aji Huɗu:
Assalamu alaikum. Ɗalibaina kusan duk 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne. Akwai wata yarinya a bencin baya, duk abin da na rubuta a allo za ta kwafe shi tsaf, ga rubutu mai kyau, amma in na ɗora yatsa kan kalma na ce karanta, sai ta sunkuyar da kai. Kullum ana ce mana "bincike ya nuna". To wane binciken ne ya taɓa amfanar irinta?

Mai Nazari:
Wa alaikumus salam Malama. Akwai kam. A Kenya, masanin tattalin arziki Michael Kremer da abokan aikinsa sun gwada raba littattafai a makarantun karkara. Waɗanda dama ke kan gaba a aji su kaɗai suka ƙaru, saboda da Turanci aka rubuta littattafan, sauran ba sa iya karantawa. A Indiya kuwa, ƙungiyar Pratham ta ajiye zancen aji nawa yaro yake. Sai a yi masa ɗan gajeren gwaji, a ware masu sanin harufa, masu haɗa kalma, da masu karanta jimla, kowa a ɗauke shi daga inda ya tsaya. Masana tattalin arziki Abhijit Banerjee da Esther Duflo sun auna tsarin, yara sun samu karatu. Su biyun da Kremer aka ba kyautar Nobel a 2019.

Baban Yara:
Iya karatu daban, samun abin yi daban. Ɗan mai hali ko bai iya ba, akwai mai riƙe masa hannu.

Mai Nazari:
Gaskiya ne Baba, makaranta ba ta raba aiki. Amma a Jamaika, wajen 1986, ma'aikatan lafiya sun riƙa zuwa gidajen ƙananan yaran da suka tsumbure a Kingston, mako-mako har shekara biyu, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da su. Bayan shekara 20, kuɗin da yaran nan suke samu ya fi na waɗanda ba a ziyarta ba da kusan kashi 25 cikin ɗari.

Malamar Aji Huɗu:
Na gode. Damuwata manhaja ce, masu duba makarantu ita suke tambaya, ba wa ya iya karatu ba.

Mai Nazari:
Indiya ma sun ci karo da wannan, horar da malamai kaɗai bai yi ba. A jihar Haryana sai da hukuma ta ware awa guda kullum don tsarin nan na Pratham, jami'anta na zagawa suna dubawa. Ki fara da shugaban makarantarku, ki tafi masa da sakamakon gwajin ajinki a rubuce.