Shin Cin Babbar Cacar Lotari Yana Tsiyata Mai Shi?

Malam Habibu: Ba halacci ko haramcin caca na kawo ba, domin wannan kowa ya san matsayinsa a kai. Abin da nake cewa shi ne dukiyar da ta faɗo wa mutum dare ɗaya ba ta zama, tsintacciyar mage ba ta mage. An sha ruwaito cewa kashi 70 cikin 100 na waɗanda suka ci babbar cacar lotari sukan tsiyace cikin 'yan shekaru. Ga Michael Carroll, wanda yake kwasar shara a Ingila lokacin da ya ci fam miliyan 9.7 a 2002 yana ɗan shekara 19. Kafin a cika shekara goma kuɗin sun tafi a shaye-shaye da motoci da 'yan a bi yarima a sha kiɗa, har ya koma neman aikin da ya baro.

Dakta Rabi: Malam, labarin Carroll gaskiya ne, amma wannan kashi 70 ɗin ba shi da tushe. An daɗe ana jingina shi ga wata cibiyar ilimin harkar kuɗi ta Amurka mai suna National Endowment for Financial Education, ita kuwa a 2018 ta fito fili ta ce ba bincikenta ba ne, kuma ba ta da hujjar da za ta tabbatar da shi. Binciken da ake iya kamawa a hannu shi ne na ƙasar Suwidin da aka wallafa a 2020, inda aka tambayi mutum fiye da 3,000 da suka shiga cacar, shekara 5 zuwa 22 bayan an fitar da sakamako. Waɗanda suka ci manyan kuɗi sun fi gamsuwa da rayuwarsu, gamsuwar ba ta gushe ba ko bayan shekara goma, kuma wani bincike a ƙasar ya nuna cewa yawancinsu ba su ajiye aiki ba, rage shi kawai suka yi kaɗan. Wanda ya biya bashin gidansa ya ci gaba da zuwa aiki ba ya shiga jarida, shi ya sa ba ku san shi ba.

Malam Habibu: To Dakta, me za ki ce game da Jack Whittaker? Ya ci dala miliyan 314.9 a Amurka a ƙarshen 2002, ya ɗauki kusan miliyan 113 bayan ya zaɓi karɓar kuɗin a dunƙule kuma an cire haraji, amma ƙarshensa ƙararraki a kotu da ɓarayi da mutuwar jikarsa a 2004.

Alhaji Sani: Bari in shiga tsakani, domin na yi shekaru ina aikin banki. Misalin Whittaker ba ya taimakon Malam Habibu yadda yake zato, saboda mutumin ba talaka ba ne da kuɗi suka ruɗa. Yana da kamfanin gine-gine, kuma ya mallaki miliyoyi tun kafin ya sayi tikitin. Abin da ya sauya masa shi ne duniya ta san sunansa da fuskarsa da adadin abin da ya samu. A 2003 an fasa motarsa aka ɗauke sama da dala dubu 500 da ya bari a ciki, wanda ke nuna cewa shi ma yana da nasa sakacin, amma kuma ana bibiyarsa ne domin an san wane ne shi. Na taɓa zama da wani mutum da kuɗi masu yawa suka shigo masa lokaci guda, muna cike takardu, wayarsa tana kan tebur tana ta ƙara ba ƙaƙƙautawa. Sai ya kife ta, ya ce mini tun safe bai karɓi kiran da ba na roƙo ba, har daga waɗanda ya manta sunayensu. Ban ga alamar almubazzaranci a tare da shi ba, abin da na gani shi ne mutumin da ya kasa cewa a'a.

Dakta Rabi: Wannan ya yi daidai da abin da ya sami Abraham Shakespeare a jihar Filorida ta Amurka, wanda ya ci dala miliyan 30 a 2006, ya rabar da mafi yawan rabonsa ga masu roƙo, sannan aka kashe shi a 2009, matar da ta shigo masa da sunan taimaka masa wajen tattala abin da ya rage ce kotu ta kama da laifin.

Malama Zulai: Dakta, ina tare da ke a kan cewa kashi 70 ƙage ne, amma kina sassauta lamarin fiye da kima. A Filorida ɗin nan an bi diddigin kusan mutum 35,000 da suka ci caca, aka wallafa sakamakon a 2011. Waɗanda suka ci dala dubu 50 zuwa dubu 150 sun fi tsira daga karayar arziki a shekara biyun farko idan aka kwatanta da waɗanda suka ci ƙasa da dubu goma, amma zuwa shekara ta biyar bambancin ya ɓace. Ke nan ga wanda bashi ya riga ya yi wa katutu, kuɗin jinkiri kawai suka saya masa. Sannan kada mu manta da maƙwabta: a Holan an gano cewa maƙwabtan waɗanda suka ci sun fi sayen sabuwar mota, a Kanada kuma an gano cewa gwargwadon girman abin da mutum ya ci, gwargwadon yawan maƙwabtansa da suka faɗa karayar arziki, saboda gasar da ba wanda ya gayyace su.

Dakta Rabi: Na karɓi wannan gyaran, Malama, sai dai ki lura cewa a binciken Filorida ɗin duka waɗanda suka kai ga karayar arziki cikin shekara biyar ba su wuce kashi 6 cikin 100 ba. Tsakanin 6 da 70 akwai tafiya.

Malam Habibu: Na janye adadin, tunda ba zan iya kare shi ba. Amma duk kun tsaya a kan wanda ya ci, alhali damar cin babbar kyautar cacar lotari ta Amurka mai suna Powerball ɗaya ce cikin kusan miliyan 292, kuma kuɗin da aka miƙa wa mutum ɗayan nan an tara su ne daga aljihun miliyoyin da suka rasa, waɗanda masu ƙaramin ƙarfi a cikinsu suka fi zuba kaso mai tsoka na abin da suke samu. In Dakta ta ce wanda ya ci ya samu gamsuwa, ni ina son jin wanda ya auna gamsuwar sauran.

Alhaji Sani: Wannan wata muhawarar ce daban, Malam, kuma ina jin a cikinta Dakta ba za ta ja da kai ba.

Dakta Rabi: Ba zan ja ba. Amma ba ita ka buɗe da ita ba.