Bizar intanet zuwa Uganda: wa ya taɓa nema daga Legas?

Maman 'Yan Biyu, Idi-Araba:
Salamu alaikum jama'a. 'Yata za ta kammala karatu a Jami'ar Musulunci ta Uganda, ta kuma dage sai na je bikin yaye su. Ni iyakata Kwatano da Yamai, inda ba mai tambayar ɗan ECOWAS biza. An ce yanzu a waya ake cike komai. Wani yaro a layinmu ya ce in kawo dubu ɗari biyu ya gama min. Don Allah waɗanda suka taɓa yi, yaya abin yake?

Malamin Islamiyya, Mile 12:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a karatun. Ni bara na je Mbale, can babban reshen jami'ar yake, ƙanena na kai. Kuɗin bizar shiga sau ɗaya dala 50 ne. Ki lissafa da canjin yau, sai ki ga ko yaron nan aikin Allah zai yi miki.

Amma fa ni ma sai da na sha. Na rubuta sunan bizar a Google, na danna shafin da ya fara fitowa. Ga tutar ƙasar, ga hoton tsuntsun nan nasu mai tukku, komai tsaf. Na cike, na biya kusan ninki uku. Ashe dillalai ne, su karɓi bayananka su je su cike a shafin gwamnati, su ci ribarsu. Bizar ta zo, ban ce ba ta zo ba, sai dai na biya kuɗin jahilcina, kuma hoton fasfona yana hannun mutanen da ban san su ba. Shafin gwamnatin Uganda da go.ug yake ƙarewa. In kin ga wani abu daban a ƙarshen adireshin, ki fita.

Ɗan canji, Agege:
Malam ya faɗi gaskiya, sai dai ya tsallake inda gizo ke saƙar: biyan kuɗin. Tun 2022 bankuna da yawa suka toshe katin naira daga sayayyar waje. A 2025 wasu sun sake buɗewa, amma kowane banki da iyakar da ya sa. Ni sau huɗu katina yana ƙi, a na biyar aka cire kuɗin, shafin kuma ya ce ban biya ba. Sati uku ina zarya kafin su dawo. Daga ƙarshe da katin dala na wani abokin sana'a na biya. Hajiya, ki shiga bankinki tukuna ki tambaya ko katinki na biya a waje. Kuma in ya ƙi sau ɗaya kada ki yi ta dannawa, ki duba asusunki.

Hajiya mai atamfa, Balogun:
Ƙanwata, ni abin da ya kusa hana ni tafiya harafi ɗaya ne. A fasfona sunan mahaifinmu Mohammed ne, yaron shagon kwamfuta ya rubuta Muhammad yadda ya saba. Ni ban duba ba, ina ta murna takarda ta fito. Sai a filin jirgin sama na Ikeja, na sha gosulo tun daga Oshodi, na iso da jakunkuna uku, ma'aikaciyar jirgi ta ɗora yatsa a kan takardar ta ce sunan bai yi daidai da fasfo ba. Na yi magiya, na yi Turanci, na yi Yarbancin kasuwa, ta ce ba ita ba ce, in suka ɗauke ni aka mayar da ni kamfaninsu za a ci tara. Haka na koma gida, na sake nema, na sake biya, ga kuɗin canza tikiti.

Mu Hausawa wannan ta fi cin mu. Mutum ɗaya, Abubakar a fasfo, Bukar a katin banki, Habu a bakin 'yan uwa. Ki buɗe fasfon a gabanki ki kwafa harafi bayan harafi, har lambar fasfon, don sifili da harafin O suna rikita mutane. Kuma ki buga takardar amincewar a kan takarda, kwafi biyu. Takardar ce za ki nuna a filin jirgin Entebbe in kin sauka Uganda, a can za su ɗauki hoton yatsunki su ba ki bizar. Waya tana iya mutuwa a kan layi.

Nas, Obalende:
Katin rigakafin shawara, Mama! Yalo kad. Uganda sai kin ɗora hotonsa tun wajen cikewa. Ki je ofishin lafiya na tashar jirgi a yi miki allurar da gaske, kada ki sayi na bayan fage. Sai ta kwana 10 take fara aiki a takarda, amma sau ɗaya ce har ƙarshen rayuwa. Fasfo kuma ya zama da sauran wata 6 aƙalla.

Direban tirela, Apapa:
Ni dai ban ga laifin mai cike wa mutane ba. Ba kowa ya iya rage girman hoto har shafi ya karɓa ba. A ba shi ladan aikinsa, amma a zauna kusa da shi, kuma imel ɗinki zai sa, ba nasa ba. Wani maƙwabcina sai da ya ƙara kuɗi kafin a tura masa takardarsa.

Malamin Islamiyya, Mile 12:
Wannan haka yake, Alhaji. Ƙari ɗaya: in kina son leƙa Kenya da Ruwanda akwai biza ɗaya ta ƙasashen uku, dala 100, kwana 90. Amma wanda zai bi ta Tanzaniya ya fara da wuri, 'yan Najeriya na cikin waɗanda sai an tura takardunsu an tantance.

Maman 'Yan Biyu, Idi-Araba:
Kai, Allah ya saka da alheri. Na ɗauko fasfon yanzu, saura wata huɗu ya mutu, ban ma lura ba. Ashe daga can zan fara. Hajiya, yarinyar ta ce in taho mata da kilishi da yaji, ana barin su wuce a Entebbe kuwa?