Abin da jama'a suka ce kan 'yan sane a Zariya

Na tattaro shawarwarin da aka bayar kan yadda za a kauce wa 'yan sane, ga su a taƙaice:

1. Kusan kowa ya yarda wuraren turmutsutsu ne abin tsoro: Kwangila, Kasuwar Sabon Gari, da ƙofar fada ranar hawan sallah. 'Yan sane ba su cika aiki su kaɗai ba. Ɗaya zai bangaje ka ko ya taka maka ƙafa, kafin ka juyo ka ce "Malam, lafiya?" ɗayan ya zare wayar.

2. Aljihun gefen kaftani ya fi sauƙin shiga. A sa kuɗi a aljihun wando. Mata su riƙe jaka ta gaba, cikin hijabi, don reza ake sa mata ta baya.

3. Kuɗin mota daban, na cefane daban.

4. A daina latsa waya a bakin adaidaita.

An rabu kan ihun "ɓarawo!" Wasu sun ce shi kaɗai ke dawo da kaya. Wasu suka ce taro ba ya bincike, ana iya hallaka marar laifi, gara a miƙa wanda aka kama ga 'yan sanda. Ni dai ina tare da na biyun, wallahi waya ba ta kai rai ba.